Gadar da Aka Ce Mu Dakata da Ita

Tsakanin garinmu da titin kwalta akwai rafi. Da rani ba za ka kira shi rafi ba, farin yashi ne kawai a shimfiɗe, awaki na kwance a ciki suna tuƙa. Amma da damina, idan aka kwana ana ruwa can wajen tudu, sai ya taho ja wur, ɗauke da karare da rassan ƙaya, ya raba mu da duniya. Babu ta inda za a kewaye, don a wajenmu inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, ba wanda zai yarda a buɗe hanya ta cikin geronsa. Kasuwa tana ƙetare, ƙaramin asibiti yana ƙetare, makabarta ma tana ƙetare.

Ni manomi ne, bayan kaka kuma ina bin ƙauyuka ina sayen wake in kai kasuwar Dawanau. Na sha tsayawa a bakin rafin nan da babur, ina jiran majiya ƙarfi su zo mu ɗaga shi mu ƙetare. Mun saba. Muna cewa haka Allah ya yi wurin.

Rasuwar matar kawuna ce ta sauya mana tunani. Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon direban babbar mota, ya daɗe yana kai kaya kudu kafin ido ya fara ba shi matsala ya dawo noma. Matarsa ta rasu da safe, a tsakiyar marka. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, muka ɗauki makara. Muna isa bakin rafi muka tarar ya cika ya batse. Muka ajiye ta a gindin wata tsamiya, aka rufa mata tabarma saboda yayyafi, muka zauna. Azahar ta same mu a nan. Kawu yana zaune kusa da makarar, jefi-jefi yana gyara bakin tabarmar. Sai wajen la'asar ruwan ya ɗan ja, muka ɗaga ta sama da kawunanmu muka shiga, ruwa har ƙirji.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Kawu ya miƙe tsaye.

"Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci," in ji shi. "Amma ina da magana. Abin da ya same ni a bakin rafin nan ba na so ya sake samun kowa. Na bi hanyoyi da yawa a ƙasar nan, na ga ƙauyukan da ba su kai mu yawa ba sun yi wa kansu kwalbati. In an gama kaka zan fara ɗebo dutse. Wanda ya ga zai iya, ya biyo ni."

Garinmu unguwa biyu ne, gabas da yamma. Mu muna gabas. Tun wani zaɓe da aka yi aka samu saɓani, mutanen unguwannin biyu ba sa haɗa komai sai jana'iza. Babban mutanen yamma wani Alhaji ne mai kiwon shanun huɗa, mutum mai nauyin baki, wanda in ya ce a'a ba wanda zai motsa a unguwarsu. Kawu ya taka har zaurensa. Ban san abin da suka tattauna ba, amma ranar da aka fara aiki amalanken Alhaji ne ya fara sauke dutse a bakin rafi.

Ban taɓa ganin garinmu kamar a ranin nan ba. Aka raba kwanaki, kowace unguwa da nata, amma sau da yawa sai ka ga mutum ya zo ranar da ba tasa ba. Masu amalanke na ɗebo dutse, masu jakuna na kawo tsakuwa, samari na haƙa da diga da shebur. Mata suka ɗauki nauyin abinci, wata rana ɗanwake, wata rana dambu, ga kunu a manyan robobi. Kowane gida ya kawo abin da ya sauƙaƙa daga rumbu, aka ɗora mini nauyin kaiwa kasuwa, na sayar na dawo da rodi. 'Yan garinmu mazauna Kano suka buɗe zauren hira a waya suna tara taimako, suka turo mana siminti cike da a-kori-kura, muka jibge shi a zauren mai gari. Muka ɗauko birkila daga wani gari kusa da Bagwai. Kafin sanyi ya wuce mun haƙa tushe, mun ɗaga katanga biyu, ɗaya a kowane gefe, sun kai ƙirjin mutum. Abin da ya rage a ɗora katako, a shimfiɗa rodi, a zuba kankare.

Ina tuna wani yammaci da na ga Kawu da Alhajin yamma zaune a kan katangar suna shan fura a ƙwarya ɗaya, suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa. Na tsaya ina kallonsu, raina fes.

Cikin 'yan garinmu na birni akwai wani malamin makaranta, shi ke kula da zauren wayar. Da kyakkyawar niyya ya riƙa ɗora hotunan aikin a intanet, yana alfahari da garinsu. A nan wata gidauniya mai ayyukan taimako a karkara ta gan mu.

Sun zo wata Talata da hantsi, cikin farar mota mai tsayi. Shugabar tawagar wata matashiya ce, muna ce mata Hajiya ko da ban sani ba ko ta je Makka. Mai ladabi ce ƙwarai. Ta durƙusa ta gaida mai gari, ta shiga wajen mata ta ci ɗanwakensu da hannu. Tare da ita akwai injiniya, wanda ya sauka cikin rafin ya yi ta awo, ya tambayi inda ruwa ke kaiwa idan ya cika, muka nuna masa a jikin tsamiya.

Da suka gama aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari. Hajiya ta ce ta zaga ƙauyuka da yawa ba ta ga haɗin kai irin namu ba. Sannan injiniya ya yi bayani. Ya ce bakin da muka bar wa ruwa ya yi kaɗan, in aka yi babban ruwa zai iya bi ta bayan katangar ya cinye ta. Har yau ban ce ƙarya ya yi ba. Mai yiwuwa gaskiya ce.

"Baba," in ji Hajiya tana duban Kawu, "mu abin da muke so mu yi muku gada sosai, wadda babbar mota za ta hau. Kafin ruwa ya sauka in sha Allahu an gama. Amma sai kun dakata da naku aikin."

"'Yata, me ya sa sai mun dakata?" Kawu ya tambaya. "Ku bar mu mu rufe wannan, ko babur da amalanke su samu. Ku yi taku a gefe. In taku ta tsaya sai mu rushe tamu da hannunmu."

Ta ce ba zai yiwu ba. Hanyar nan ɗaya ce, a daidai wurin za a yi gadar. Kuma masu ba su kuɗi daga ƙasar waje ba sa sakin ko kwabo a inda aka riga aka yi wani abu, sai inda babu komai. In muka rufe kwalbatin, a takarda mun zama garin da yake da hanya.

Bayan sun tafi aka zauna shawara. Kawu ya ce a ci gaba. Ni ma ina bayansa, ba don na hango wani abu ba, sai don simintin da ke zaure yana damuna, na san ba abin ajiya ba ne. Amma samari sun riga sun hango manyan motoci na shigowa har ƙofar masallaci suna lodin hatsi. Wani ya ce, "Allah ya kawo mana masu yi, mu kuma mu ce sai mun wahala?" Mutanen birni suka yi ta bugo waya suna cewa kada mu yi wa gari asara. Can Alhajin yamma ya ce shi dai ba zai so a ce shi ya hana garin nan gada ba. Mai gari ya dubi Kawu.

"Ranka ya daɗe, abin da jama'a suka gani shi ne," in ji Kawu. Washegari muka sallami birkila.

Daga nan aka shiga zama. Mutanen gidauniyar sun dawo sun ce a kafa kwamiti. Muka ce muna da shi, ga waɗanda suke jan aikin tun farko. Suka ce ba irin wannan ba, akwai yadda ake so a tsara shi, da shugaba da mataimaki da ma'aji da wakilan mata da na matasa, kuma mutum kaɗan ake so. Da can duk wanda ya ɗauki shebur ɗan kwamiti ne. Yanzu sai an zaɓa. Aka sa Kawu shugaba, aka sa ni a ciki saboda ina iya karatun boko. Da aka duba sai aka ga 'yan gabas sun fi yawa. Ba wanda ya shirya hakan, amma mutanen yamma sun lura.

Sai aka kira mu bita a wani otal a Kano. Muka zauna a ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, aka ba mu shayi da cincin, wani saurayi mai ƙaramin gemu ya tsaya gaban allo yana koya mana yadda al'umma ke haɗa kai ta taimaki kanta. Yana magana rabi Hausa rabi Turanci. Ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba mu manyan takardu, ya ce mu zana taswirar garinmu mu nuna matsalolinsa. Kawu, wanda ya haɗa unguwa biyu da suka shekara da shekaru ba sa ga-maciji, yana zaune da alƙalami mai launi a hannu bai san me zai yi da shi ba. Ya sunkuyo ya ce mini, "Kai, yau da muna gida da mun ɗaure rodi."

Da za mu tafi aka ba kowa kuɗin mota a ambulan. Ba wani abin kirki ba ne, amma kafin mu isa gida labari ya riga mu, ya kuma kumbura a hanya. Aka fara cewa 'yan kwamiti suna cin abinci a otal ana ba su ambulan. Wata mata da ta yi rani tana dafa wa ma'aikata kunu ta tare matata a wajen niƙa ta ce, "Ashe ku aikin ya karɓa." Kawu ya kai nasa ambulan gaban mai gari ya ajiye, amma wanda ya ji zargin ya fi wanda ya ga ajiyewar yawa.

An sake kiran mu bita, an sake. Zafi ya shigo, mangwaro ya nuna, bakin rafi shiru. Sai wata rana suka zo da rumfa da kujeru da masu ɗaukar hoto. Aka kafa babban allo mai sunan gidauniyar da hoton wata kyakkyawar gada da ban san ko ta ina ce ba. Aka ba Kawu sabon shebur mai ƙyalli aka ce ya riƙe, ya ɗan sunkuya kamar yana haƙa. Aka ce ya yi murmushi. Aka tafa.

Bayan 'yan kwanaki katafila ta iso. Duk gari ya fito kallo. A wuni ɗaya ta ture katangun nan biyu da muka yi rani muna ɗagawa, ta kwashe duwatsun ta watsar gefe, ta yanke gaɓar rafin hagu da dama don a faɗaɗa wurin. Samari na ta sowa. Ni ban iya tsayawa har ƙarshe ba. Kawu ya tsaya, hannuwansa a baya, har ta gama. Da yamma aka ɗora ta a kan babbar mota, direban ya ce jibi masu gini za su zo.

Ba su zo jibi ba. Na kira Hajiya, ta ce takardu suna sama, ana jiran sa hannu. Na sake kira bayan mako, ta ce a ƙara haƙuri. Tana ɗaukar waya kullum, wannan kam dole in yaba mata, amma muryarta na ƙara yin ƙasa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka yi ruwan shuka.

Daminar nan ba mu taɓa ganin irinta ba a wajen wahalar hanya. Da can gaɓar rafin tana da gangare, mutum zai sauka a hankali ya hau a hankali. Yanzu katafila ta bar ta a tsaye kamar bango, ƙasar kuma ta saki. Ruwan farko ya zabtare gefe ɗaya. Na biyu ya shiga gonar wani mutumin yamma da ke bakin rafi, ya cinye masa kunya bayan kunya da geron a tsaye. Amalanke ya daina wucewa sam. Taki sai a ka. Mai ciki ko mara lafiya sai a goye shi a gangara da shi ana riƙe da igiya. Mai gonar ya zo har ƙofar gidan Kawu yana ɗaga murya, yana cewa su suka kawo baƙi suka ci kuɗi, shi aka bar shi da rami. Kawu ya fito ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ka yi haƙuri."

Da aka gama noman farko na ce wa Kawu mu je ofishin gidauniyar. Muka hau mota tun da safe. Ofishin gida ne mai bene a wata unguwar masu hali, da maigadi a ƙofa. A jikin bangon ɗakin jira an jera hotunan ƙauyuka. Na ga namu. Ga Kawu da sabon shebur, an rubuta a ƙasa da Turanci cewa al'umma ta tashi tsaye da tallafin gidauniya. Kawu ya matsa kusa saboda idonsa, ya ce, "Me suka rubuta?" Na ce sunan garinmu ne kawai.

Hajiya ta fito da kanta ta shigar da mu. Teburori da yawa babu kowa a kansu, an tattara kwalaye a lungu. Ta kawo mana ruwa, ta zauna, ta kasa haɗa ido da Kawu.

"Baba, ba zan ɓoye muku ba," in ji ta. "Masu ba mu kuɗi sun janye. Ba mu kaɗai ba, ƙungiyoyi da yawa abin ya shafa. Ɗan abin da ya rage sun ce ba na gine-gine ba ne, na horar da matasa ne. An sallami injiniyan. Ni ma ƙarshen wata zan tafi."

"Tun yaushe kuka sani?" na tambaye ta.

Ta ce tun kafin ruwa ya sauka ake raɗe-raɗi, amma an hana su faɗa wa garuruwa har sai an tabbatar, kada a tayar da hankali.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, da kin faɗa mana ko a raɗe-raɗin ne, da mun tara jama'a mun mayar da duwatsun nan kafin ruwa. Simintinmu yana nan a lokacin. Hankalin da kuka ƙi tayarwa, ga shi gonar mutum ta tafi."

Kawu ya ɗaga mini hannu in yi shiru.

"'Yata, ban zo neman gada ba," in ji shi. "Na haƙura da ita. Abu ɗaya nake roƙo. Ku turo motar nan da ta rushe, ta mayar mana da ƙasar yadda ta same ta. Wuni ɗaya ta yi ta ɓata, wuni ɗaya ya ishe ta ta gyara. Sauran mu za mu ji da shi."

Ta ce katafilar haya aka ɗauko, kuma an riga an rufe asusun aikinmu, ba ta da ikon fitar da komai a kansa. Ta ce za ta rubuta wa na sama. Idonta ya ciko. Na yarda har zuciyarta abin ya dame ta, kuma wannan ya ƙara mini takaici, don na zo da faɗa cike da baki na rasa wanda zan yi wa. Wanda ya yanke hukuncin yana wata ƙasa, bai san da rafinmu ba, ba zai taɓa sani ba. Ta rako mu har bakin ƙofa tana ba da haƙuri. A mota, bayan mun wuce Dawanau, Kawu ya ce, "Yarinyar kirki ce." Na ce, "Kirkinta bai ƙetar da kowa ba, Kawu."

Da muka buɗe zauren mai gari bayan damina, simintin ya sha danshi ya daskare, kowane buhu ya zama dutse mai siffar buhu. Rodin ya yi tsatsa. Na ɗauki hoto na tura zauren waya don mutanen birni su san halin da ake ciki. Waɗanda suka fi kowa matsa mana mu dakata su suka fara cewa mun yi sakaci da dukiyar jama'a. Wani ya ce a binciki kwamiti. Malamin makarantar ya yi ƙoƙarin kare mu, aka ce ai shi ya jawo. Mutane suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a. Buhunan kuwa muka jera su a cikin rafi, ana takawa.

Bayan kaka Kawu ya sa aka yi shela a masallaci cewa za a koma aiki ranar Asabar. Na fito da sassafe da shebur ɗina. Waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba, yawancinsu dattawa ne, duk 'yan gabas. Babu kunu, babu amalanke. Na bi samari majalisarsu na ce su taso. Ɗaya ya ce, "Yaya, ai aikin gidauniya ne, ga allonsu can. In muka taɓa sai su ce mun yi, su fasa dawowa." Na ce ba za su dawo ba, da kunnena na ji. Wani ya yi dariya ya ce, "To akwai kuɗin mota?" Yaron nan da idona na gan shi bara yana ɗaukar kwanon sarki har tafin hannunsa ya fashe, ba wanda ya ba shi ko goro, yana yi yana waƙa. Na saɓa shebur ɗina na koma bakin rafi.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, fiye da katangun da simintin. Dutse yana nan, ana iya sake ɗebowa. Amma mutanen da suka fito bara don sun ga abin nasu ne, yanzu suna ganin na wasu ne, kuma suna zargin duk wanda ya kira su da cewa akwai abin da yake samu. Ban san yadda ake gyara wannan ba, kuma a duk bitar da aka yi mana ba a koya mana ba.

Mu 'yan kaɗan ɗin muka ci gaba. Muna cika buhunan taki da ƙasa muna jerawa a gaɓar da ta zabtare, muna tattaro duwatsun da katafila ta watsar, waɗanda ruwa bai tafi da su ba. Aikin da a bara ake yi a wuni yanzu yana cin mako. Kawu ƙarfinsa ya ragu, yana zuwa ya zauna a kan dutse yana nuna mana inda za a sa. Ya ce ba ya son a sake kiransa shugaban komai.

Ba amalanke aikin ba zai tafi ba, amalanke kuma yana yamma. Na ce wa Kawu ya sake takawa wajen Alhaji kamar yadda ya yi da farko. Ya girgiza kai.

"Wancan karon na je da gawar matata a bakina, ya ji kunyata," in ji shi. "Yanzu da me zan je? Da gonar ɗan'uwansa da ta tafi? Kai ka je. Kai ba ka yi masa alkawarin komai ba."

Na je ranar wata Laraba bayan la'asar. Na same shi a ƙofar gida yana ba shanunsa harawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya sa aka kawo mini ruwa. Na yi masa bayanin komai, tun daga abin da Hajiya ta faɗa har inda muka kai yanzu. Na ce ba ma neman kowa daga waje, kuma ba kwamiti, duk wanda ya zo shi ne mai aikin. Na ce ko sau ɗaya a mako ya ba mu aron amalanke, in mutanensa suka ga shanunsa a bakin rafi za su fito.

Ya saurare ni yana shafa wuyan wani bajimi.

"Kawunka mutumin kirki ne," in ji shi. "Ban taɓa yarda ya ci ko kwabo ba, na kuma faɗa wa masu faɗa. Amma na tara mutanena sau ɗaya na ce su fito, suka fito, ka ga yadda ta ƙare. Kafin in sake tara su, sai na san abin da zan ce musu."

"To me za a ce musu, Alhaji?"

"Shi ne ban sani ba tukuna," in ji shi. "Bari mu gani."

Sai ya tambaye ni yadda farashin wake yake a kasuwa bana, da ko ya sayar da nasa yanzu ko ya ajiye. Muka yi ta hirar wake har aka kira magariba. Na yi masa sallama na kama hanyar gabas.